Tsakanin Filin Wasa da Shimfiɗa: Nasiha ga Matasa kan Motsa Jiki da Dare

Lokacin motsa jiki a wurin matasan biranen ƙasar Hausa ya daɗe yana gusawa daga yammaci zuwa cikin dare, kuma dalilan gusawar a fili suke: makaranta da kasuwa da wurin koyon sana'a sun cinye wunin, zafin rana ya hana fita kafin la'asar, sannan ga filayen ƙwallo masu ciyawar roba da manyan fitilu da ake haya awa-awa a Kano da Kaduna da Abuja, ga kuma ɗakunan motsa jiki, waɗanda samari ke kira jim, da ba sa cika sai an idar da sallar isha'i. Likitoci sun shafe shekaru suna gargaɗin a guji motsa jiki idan dare ya yi, har gargaɗin ya shiga littattafai ya zama kamar doka, amma binciken da aka yi a 'yan shekarun nan ya rage masa kaifi ba tare da ya rushe shi ba. Abin da ya bayyana shi ne cewa hukuncin ya rataya a kan abubuwa biyu da ake aunawa tare, wato tsananin wahalar da jiki ya sha, da kuma tazarar da aka bari tsakanin ƙarshen wahalar da lokacin kwanciya.

Wajibi ne a fara sanin abin da ke kawo barci tun asali. A shekarar 1982 wani masani a Jami'ar Zurik ta ƙasar Suwizalan, Alexander Borbély, ya bayyana cewa ƙarfi biyu ne ke haɗuwa su kwantar da mutum. Na farko shi ne nauyin barci da ke taruwa tun daga lokacin da aka farka, wanda aka danganta da wani sinadari mai suna adenosin da ke ƙaruwa a ƙwaƙwalwa muddin mutum yana ido biyu, ba ya kuma raguwa sosai sai an yi barci. Bashi ne da jiki ke bi, kuma daɗewa a farke ƙara masa yawa take yi. Na biyu shi ne agogon jiki, wani ɗan gungu na ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kimanin 20,000 da ke zaune a saman mahaɗar jijiyoyin gani, wanda ke karɓar labarin haske da duhu daga ido, ya kuma tsara wa sauran gaɓoɓi lokutan aikinsu a zagayen awa 24. Idan duhu ya shiga, wannan agogo ne ke ba da umarnin sakin melatonin, sinadarin da ke sanar da jiki cewa dare ya yi, wanda kan fara hauhawa kimanin awa 2 kafin lokacin da mutum ya saba kwanciya, haske mai ƙarfi kuma yana danne shi. Motsa jiki da dare yana taɓa ƙarfin biyu ta fuskoki masu karo da juna, domin gajiyar da yake jawowa tana goyon bayan barci, alhali zafi da kuzarin da yake tayarwa suna gaya wa jiki cewa da sauran aiki a gaba.

Batun zafin jiki ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne mafi ƙarancin shahara a cikin al'amarin, kuma shi ne ya fi shafar mazauna ƙasa mai zafi. Zafin cikin jikin mutum mai lafiya yana kusa da digiri 37 a ma'aunin Salshiyos, amma ba a tsaye yake wuri ɗaya ba: yana kai ƙololuwarsa da yamma, ya fara sauka idan dare ya yi, ya kai ƙarshen saukarsa gab da asuba, kuma bambancin da ke tsakanin sama da ƙasa ya kusa digiri guda. Barci yana zuwa ne a kan gangaren wannan sauka. Hanyar da jiki ke bi ya sauke zafin ita ce buɗe ƙananan jijiyoyin jini na tafin hannu da tafin ƙafa, jini ya kwararo kusa da fata, zafi ya fice, shi ya sa uwa kan gane jariri ya kusa barci idan ta ji hannuwansa sun yi ɗumi. Masu bincike a birnin Basel sun nuna a 1999 cewa wannan ɗumin ƙafa da hannu yana cikin alamomin da suka fi nuna saurin zuwan barci. To, gudu ko ƙwallo mai tsanani kan ɗaga zafin ciki zuwa digiri 38 ko 39, kasancewar mafi yawan ƙarfin da tsoka ke ƙonawa zafi yake zama, kuma jiki kan buƙaci awa guda ko fiye kafin ya dawo da shi daidai. Wanda ya kwanta a cikin wannan awa ya zo wa barci a lokacin da zafinsa ke sama, daidai lokacin da ake bukatar ya kasance yana gangarawa.

Abu na biyu, bayan zafin, shi ne jijiyoyin da ke aiki ba da umarnin mutum ba, waɗanda ke tafiyar da bugun zuciya da numfashi da narkar da abinci. Reshe biyu gare su: reshen faɗa ko gudu, wanda ke sakin adirenalin, ya hanzarta zuciya, ya kaifafa hankali, da reshen hutu, wanda ke sassauta bugun, ya mayar da jini zuwa ciki. Barci na reshen hutu ne. Bayan tattaki mai sauƙi ragamar kan koma hannun reshen hutu cikin ɗan lokaci kaɗan, amma bayan wasa mai zafi sauyin kan ɗauki awoyi, kuma wannan ne asalin abin da 'yan wasa da yawa suka sani a jikinsu: gaɓoɓi sun yi laushi kamar an daka su a turmi, amma ido ya ƙeƙashe, zuciya na bugawa har ana jin ta a kunne.

Da aka zo gwada waɗannan bayanai a kan mutane, sakamakon farko ya ba masu tsohon gargaɗin mamaki. Masu bincike a babbar cibiyar kimiyya da fasaha ta Zurik, Jan Stutz da Remo Eiholzer da Christina Spengler, sun tattara gwaje-gwaje 23 da aka yi a kan manya masu ƙoshin lafiya, suka wallafa nazarinsu a 2019, inda suka samu cewa motsa jiki da yamma ko farkon dare bai ɓata barci ba, har ma ya ɗan ƙara yawan barci mai nauyi, wato matakin da mutum ya fi wuyar tashi kuma jiki ya fi gyara kansa, daga kashi 19.9 cikin ɗari na daren zuwa kashi 21.2. Togaciya guda suka yi, ita ce motsa jiki mai tsanani da aka gama awa guda ko ƙasa da haka kafin kwanciya, wanda ke iya jinkirta zuwan barci ya kuma rage tsawonsa. A 2021 wasu masu bincike a Jami'ar Concordia da ke Kanada suka nazarci gwaje-gwaje 15 a kan motsa jiki mai tsanani kaɗai, suka ga cewa idan an gama shi awa 2 zuwa 4 kafin kwanciya ba ya dagula barcin masu lafiya.

Sai kuma a 2025 aka sami bincike mafi girma daga Jami'ar Monash ta Ostareliya, wanda ya bi mutum 14,689 tsawon shekara guda ta hanyar na'urar da ake ɗaurawa a wuyan hannu mai auna bugun zuciya da barci, har aka tara bayanin darare fiye da miliyan 4. A nan an ga cewa idan an gama motsa jiki awa 4 ko fiye kafin lokacin barci, babu wani sauyi a barcin komai tsananinsa, amma idan aka shigo cikin awa huɗun, ƙaruwar wahala da matsowar lokaci suna tafiya tare da jinkirin barci, da gajartarsa, da hauhawar bugun zuciya a cikin dare. Saɓanin da ke tsakanin awa guda da awa 2 da awa 4 bai kamata ya rikita mai karatu ba, domin kowane irin bincike da inda yake da rauni. Gwajin ɗakin bincike yana da tsafta, amma mutanensa kaɗan ne kuma wahalar da ake ba su a kan keken gwaji ba ta kai ta gasa ta gaske ba. Binciken na'urar hannu kuwa yana ganin rayuwa yadda take, amma ba ya iya rabe laifin wasan kansa daga laifin abin da ya biyo bayansa, kamar cin abinci a makare da zama cikin haske. Abin da za a iya riƙewa daga dukkansu ba tare da zalama ba shi ne, motsi mai sauƙi ba ya bukatar tazara mai yawa, matsakaici ya wadatu da awa guda zuwa 2, mai tsanani kuwa awa 2 ne mafi ƙarancinsa, awa 4 kuma ita ce tazarar da babu jayayya a kanta.

Tun da komai ya koma kan tsanani, akwai bukatar ma'aunin da ba ya neman na'ura. Mafi sauƙinsa shi ne ma'aunin magana: wanda ke iya hira sosai yana tafiya, motsinsa mai sauƙi ne, wanda ke iya magana amma ba zai iya rera karatu ko waƙa ba, yana kan matsakaici, wanda kuwa ba ya iya haɗa kalmomi kaɗan sai ya tsaya ya ja numfashi, ya shiga mai tsanani. Ana kuma ƙiyasta iyakar bugun zuciya ta hanyar cire shekarun mutum daga 220, ta yadda ɗan shekara 20 iyakarsa na kusa da bugu 200 a minti, kuma duk aikin da ya riƙe shi kusa da wannan iyaka mai tsanani ne, ko da yake lissafin ƙiyasi ne kawai. A bisa wannan ma'auni, tafiya masallaci mai nisa da dawowa, da tuƙa keke a hankali, da miƙe gaɓoɓi a tsakar gida duk suna ɓangaren da babu fargaba. Ƙwallon 'yan biyar-biyar a ƙaramin fili kuwa, duk da ana ɗaukarta wasan nishaɗi, tana cikin mafi tsanani, saboda ƙwallo ba ta daɗewa a waje, babu wurin laɓewa a huta, gudu ne da tsayawa da juyi daga farko har ƙarshe. Haka atisayen dambe da kokawa, da ɗaga ƙarfe har sai hannu ya gaza.

Akwai wani sharaɗi da binciken ƙasashen waje bai cika la'akari da shi ba, alhali a ƙasar Hausa shi ne ginshiƙin lissafin, wato cewa lokacin tashi a kafe yake. Wanda ya makara kwanciya a wata ƙasa yana iya ƙara awa guda da safe ya cike giɓi, amma kiran sallar asuba a Kano ko Zariya ko Damagaram yana zuwa ne wajen ƙarfe 5, ɗan gaba ko ɗan baya gwargwadon lokacin shekara, kuma ba ya jiran wanda ya buga ƙwallo jiya da dare. Ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta ƙayyade cewa mai shekara 13 zuwa 18 yana bukatar barcin awa 8 zuwa 10 a kowace rana, babba kuma awa 7 ko fiye. Saurayin da ya haura 18 kuma yake tashi ƙarfe 5 ya kamata ke nan barci ya ɗauke shi ƙarfe 10, idan kuma aka ja baya da awa 4 daga ƙarfe 10, sai a faɗo kan ƙarfe 6 na yamma, gab da magariba. Idan kuwa ya karɓi fili daga ƙarfe 9 zuwa 10, ya tsaya musun wanda ya zubar da ƙwallo, ya isa gida 10 da rabi, ya yi wanka, ya ci abinci, ya jira jiki ya huce, da wuya barci ya zo kafin 12, abin da ya rage masa awa 5 ne. Wanda ke yin haka sau uku a mako yana tara bashin awa 6, kusan dare guda cur, kuma komawa barci bayan asuba ba ta samuwa ga ɗalibi ko yaron shago da ake jira ƙarfe 7 ko 8.

A nan ne tsohon tsarin unguwa ya cancanci yabon da ba a cika yi masa ba. Ƙwallon yamma da ake farawa bayan la'asar a tashi da kiran magariba, ko da ana tsakiyar kai hari, ba masana barci ne suka tsara ta ba, rashin fitila ne da lokacin salla suka yanka mata iyaka, amma ta faɗa daidai inda bincike ya nuna. A wannan lokaci ne zafin jiki ke ƙololuwarsa, tsoka ta fi ƙarfi, gaɓoɓi sun fi saki, rana ta yi sanyi, akwai kuma sauran hasken rana da ke taimaka wa agogon jiki ya tsaya a kan saiti, sannan ga awa 3 zuwa 4 na hucewa kafin shimfiɗa. Tsarin ya kuma dace da abin da ya zo a ruwayar Abu Barza al-Aslami, wadda Bukhari da Muslim suka fitar, game da ƙin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake yi wa barci kafin isha'i da hira bayanta. Fitilar fili ta kawo sauƙi ga wanda wuninsa ba nasa ba ne, wannan gaskiya ne, amma ta cire iyakar da duhu ke sanyawa kyauta, ta bar wa matashi aikin sanya ta da kansa.

Shekarun samartaka suna ƙara wa lamarin nauyi. Mary Carskadon ta Jami'ar Brown a Amurka ta nuna tun shekarun 1990 cewa da zarar balaga ta kankama agogon jiki kan ja baya da kansa, melatonin ya riƙa fitowa a makare, ta yadda yaron da a da yake gyangyaɗi bayan isha'i sai ya koma ba ya jin barci har dare ya yi nisa. Iyayen da ke ɗaukar wannan a matsayin taurin kai zalla ba su yi wa yaron cikakken adalci ba. A 2019 kuma Shawn Youngstedt na Jami'ar Jihar Arizona da abokan aikinsa suka gwada kimanin mutum 100, suka ga cewa motsa jiki da ƙarfe 7 na safe ko tsakanin ƙarfe 1 da 4 na rana yana matso da agogon jiki gaba, tsakanin ƙarfe 7 da 10 na dare kuwa yana tura shi baya. Matashin da agogonsa ya riga ya makara, idan ya mayar da wasan dare al'ada, yana tura abin da dama yake gangarawa ne, har ya wayi gari ko a daren da bai buga komai ba barci ba ya zuwa da wuri.

Yanayin ƙasa ma da nasa hukuncin. A watannin Maris da Afrilu da Mayu, lokacin da zafin rana a Sakkwato da Maiduguri da Yamai ke haura digiri 40, ɗakin siminti mai rufin kwano kan riƙe zafin wuni ya yi ta sakinsa har tsakar dare, kuma jikin da ke neman inda zai zubar da zafinsa ba ya samun iska mai sanyin da za ta karɓa, balle idan an ɗauke wuta fanka ta tsaya. Tazarar da ta isa a lokacin hunturu ba lalle ta isa a bazara ba. Wanka yana taimakawa, kuma wani nazari da aka yi a Jami'ar Texas a 2019 ya nuna cewa wanka da ruwan ɗumi awa guda zuwa 2 kafin kwanciya yana rage jiran barci da kimanin minti 10, saboda ɗumin yana buɗe jijiyoyin fata, zafin ciki ya sami hanyar fita. Wannan ya dace da hunturu. A bazara ruwan randa ya wadatar, kuma babu bukatar zuba masa ƙanƙara, domin sanyi mai tsanani kan tsuke jijiyoyin fata ya kuma wartsakar da wanda ke neman lafawa. Ruwan sha kuwa a rama shi tun a fili da kan hanyar gida, kada a bari sai a bakin gado a ɗaɗɗaka kofi uku, fitsari ya raba daren biyu.

Sau da yawa, idan aka bi diddigi, abin da ya biyo bayan wasan ya fi wasan laifi. Daga fili akasari teburin mai shayi ake nufa, kuma ganyen shayi da Nescafé da lemon ƙara kuzari na gwangwani da goro duk suna ɗauke da kafeyin, sinadarin da ke zuwa ya toshe gurbin da adenosin ke zama a ƙwaƙwalwa, sai bashin barci ya kasance yana nan amma mai shi ya daina jin ana bin sa. Jiki kan ɗauki kimanin awa 5 kafin ya kawar da rabin abin da aka sha, saboda haka kofin ƙarfe 10 na dare rabinsa na nan a jini ƙarfe 3. Wani gwaji da aka yi a birnin Detroit na Amurka a 2013 ya nuna cewa miligiram 400 na kafeyin, kwatankwacin kofi huɗu na gahawa, ko da awa 6 kafin kwanciya aka sha, ya rage barci da fiye da awa guda. Shayin fada na Nijar, wanda ake dafawa a ƙaramar buta a kan gawayi a sha zagaye uku, ya fi na teburin mai shayi kauri nesa ba kusa ba, kuma garin da masu ɗaga ƙarfe ke damawa su sha kafin atisaye galibinsa kafeyin ne mai yawa, wanda shansa da ƙarfe 8 na dare daidai yake da sallamar barci da hannu biyu. Ga kuma Indomie biyu da ƙwai uku da yaji da ake ɗorawa a kai, a kwanta ciki na aiki, ƙwarnafi na tasowa. Wanda zai buga da dare gara ya ci babban abincinsa awa 2 ko 3 kafin wasa, bayan wasa kuma ya tsaya kan abu mara nauyi, kamar kunu ko fura da nono ko ayaba.

Haske da tashin hankalin gasa su ne ragowar. Fitilun fili farare ne masu ƙarfi, kuma awa guda a ƙarƙashinsu a daidai lokacin da melatonin ke shirin fitowa jinkirta shi take yi, sannan a dawo gida a ɗora da waya. Gasa kuwa tana da zafin da sassarfa ba ta da shi, domin wanda ya yi gudu shi kaɗai yana gamawa ya gama, amma wanda aka ci a minti na ƙarshe, ko aka yi masa ƙeta alƙali bai busa ba, da wasan yake kwana a ka. Ƙwararrun 'yan ƙwallon Turai, duk da likitocin da ke kewaye da su, an sha auna cewa barcinsu kan ragu sosai a daren da suka buga wasan dare. Ko ɗan kallo bai tsira ba: manyan wasannin gasar zakarun Turai na Talata da Laraba suna farawa ƙarfe 9 agogon Nijeriya da Nijar a lokacin sanyin Turai, ƙarfe 8 idan sun sauya agogo, a tashi daga gidan kallo wajen 11 da ihu a maƙogwaro, ba tare da an sami ko ladan gumi ba.

Matashin da ke ganin barci ragwanci ne ya kamata ya san cewa ƙarfin da yake nema a fili a kan shimfiɗa ake ƙera shi. Atisaye yana yi wa zaren tsoka ƙananan raunuka ne, gyaran da ke mayar da ita ta fi da ƙarfi kuwa a lokacin hutu yake faruwa, kuma kaso mafi girma na sinadarin girma, wanda ke gina tsoka da ƙashi, a barci mai nauyi na farkon dare jiki ke sakinsa. A Jami'ar Stanford an sa 'yan ƙwallon kwando su riƙa kwanciya awa 10 na tsawon makonni, sakamakon da aka wallafa a 2011 ya nuna gudunsu ya ƙaru, jifan da suke yi idan an yi musu laifi ya inganta da kashi 9 cikin ɗari. Wani bincike na 2014 a kan ɗaliban sakandare 'yan wasa a Los Angeles ya samu cewa masu barcin ƙasa da awa 8 sun fi sauran yiwuwar jin rauni da ninki 1.7.

Watan azumi yana da nasa tsarin, domin dare ne kaɗai lokacin da ciki ke da abinci jiki ke da ruwa, shi ya sa gasannin unguwa kan koma bayan asham. Uzurin a fili yake, amma sahur na jira wajen ƙarfe 4, kuma wanda ya tashi daga fili ƙarfe 11 da rabi abin da zai samu bai fi awa 3 ba. Mafita mafi kusa ita ce a fara da wuri da zarar an idar da asham, a gajarta wasan, a rage yawan kwanakin, a kuma riƙi ƙailula, wato ɗan barcin tsakar rana, a matsayin wani ɓangare na tsarin.

Duk wannan bai zama hujjar barin motsa jiki ba, kuma wanda ya daina gaba ɗaya don tsoron rasa barci ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2020, ta nemi mai shekara 5 zuwa 17 ya sami kimanin minti 60 na motsi matsakaici zuwa mai tsanani a kowace rana, babba kuma minti 150 zuwa 300 na matsakaici a mako, ko 75 zuwa 150 na mai tsanani, kuma masu motsa jiki a kai a kai sun fi marasa yi samun barci mai kyau. Tela da ɗan kasuwar Kantin Kwari da mai gyaran waya da ba sa rufe shago sai magariba, da budurwar da sai ta gama aikin gida take samun sararin tsallen igiya a tsakar gida, dare ne kaɗai rabonsu, kuma abin da ya dace da su shi ne su daidaita nauyin da tazarar: a karɓi filin ƙarfe 8 a bar na 10, a ajiye wasa mai zafi ga ranar da babu aiki da yamma, a cika sauran kwanakin da tattaki ko keke, a kuma rufe kowane atisaye da minti 10 na tafiya a hankali da jan numfashi mai tsawo maimakon tsayawa cak.

Mutane sun bambanta, akwai mai tashi da kuzari tun asuba, akwai wanda sai dare yake warwarewa, kuma alƙaluman bincike matsakaicin jama'a suke bayyanawa. Jiki magayi ne, amma sai an rubuta abin da ya faɗa, domin tunani kan manta daren da bai yi daɗi ba. Ya isa matashi ya ware shafi guda na mako biyu, ya riƙa rubuta lokacin da ya gama wasa, da irin tsananinsa, da abin da ya sha bayansa, da lokacin da ya kwanta, da ƙiyasin lokacin da barci ya ɗauke shi, ya kuma ƙirga bugun zuciyarsa na minti guda da asuba kafin ya sauko daga gado. Jiran barci da ya wuce minti 30 a daren wasa kaɗai, ko bugun asuba da ya haura na sauran kwanaki a fili, ko gyangyaɗi a aji washegari, alama ce ta a fara wasan awa guda kafin lokacin da aka saba ko a rage masa zafi, a sake aunawa. Idan kuwa rashin barcin ya kai dare uku a mako har tsawon wata uku, da wasa da babu wasa, ko ana jin ciwon ƙirji ko jiri ko numfashi na sarƙewa a fili, maganar ta wuce gyaran jadawali ta koma ta likita, kuma ƙwayar barci da ake saya a kemis ba da takardar likita ba, ko maganin mura da ake sha don ya kawo gyangyaɗi, ba sa cikin abin da mai shekara 18 zai fara gwadawa da kansa.